Malam, Tarin Dukiya Ne Ke Kawo Jin Daɗi Ko Wadatar Zuci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni direba ne a wani kamfani anan Makka, shekarata 14 akan aikin, ina zaune wajen Shara Mansur da matata da yara biyu. Alhamdulillahi albashina yana isarmu ci da haya da kuɗin igama (takardar izinin zama a Saudiyya), amma baya wuce nan. Akwai abokina da muka taso tare, shi ya koma Jidda ya kama harkar tura kaya Kano, yanzu gidajensa biyu a gida banda motoci. Tunda naje wajensa bayan Sallah na dawo bacci ya gagareni. Matata tace zuciyata ce ta mutu, Hajiyarmu kuma a waya tace in riƙe abinda Allah ya bani wadatar zuci tafi komai. Har wani ya kawo min shawarar in dinga shigo da mutane marasa tasrihi (takardar izinin yin Hajji) lokacin Hajji, wai abinda zan samu a sati biyu yafi albashina na watanni. Dan Allah Malam a addini wanne ne gaskiya, kuɗi masu yawa su ke sa mutum jin daɗi ko wadatar zuci? Kuma laifi ne in so zama mai kuɗi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa Allah ya yaye maka, ya baiwa Hajiya lafiya.

Bari in fara cire maka ƙaya ɗaya. Son ka samu dukiya ta halal ba laifi bane, neman abinda zai ishe ka da iyalinka ma wajibi ne akanka. Annabi (SAW) da kansa yana roƙon Allah shiriya da taƙawa da kamewa da wadata kamar yadda Muslim ya ruwaito, yana kuma neman tsari daga talauci. Yace wa Amru ɗan Asi madalla da dukiya tagari a hannun mutumin kirki. Kuma anan garin da kake zaune, shekarar Hajjin Bankwana, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo har ya ɗauka tafiya ce tazo, yaso ya bada kashi biyu cikin uku na dukiyarsa sadaka Annabi ya hana, yace to rabi aka hana, sai da aka tsaya a sulusi kuma akace sulusin ma yana da yawa, domin ka bar magadanka cikin wadata yafi ka barsu suna miƙa hannu wajen mutane. To kaga masu cewa talauci shine tsoron Allah basu da hujja, wasu lalaci ne kawai suka sa masa rawani.

Har ma akwai hadisin da Ibnu Hibban ya kawo cewa abu huɗu suna cikin jin daɗin rayuwa: mace tagari, gida yalwatacce, maƙwabci nagari da abin hawa mai daɗi. Biyu daga ciki da kuɗi ake samunsu. Kai da kake biyan riyal 400 akan kowane kai duk wata saboda iyalinka suna kan igamarka, mutum uku riyal 1,200 kenan tun kafin a ɗora tukunya, ga harajin kashi 15 da ake ɗorawa akan kaya tun 2020, ba zan zauna ince maka kuɗi basu da amfani ba, ƙarya zanyi. Mai yunwa da mai bashi da wanda za'a kora daga gidan haya, kuɗi suna cire musu baƙin ciki na gaske.

Amma kai ba yunwa ce ta hanaka bacci ba. Ka sake karanta tambayarka da kyau. Shekara 14 kana bacci lafiya da wannan albashin, a wannan gidan, da wannan matar, ba'a rage maka ko sisi ba, abinda ya canza kawai kaje Jidda idonka ya gani. Ciwon ta ido ya shiga, to in ta ido ya shiga ƙarin albashi ba zai fitar dashi ba, domin ran da ka kamo abokin naka zaka tarar shima akwai wanda yake hange, mai kwantena goma yana kallon mai hamsin. Wannan shine abinda Annabi (SAW) ya faɗa a hadisin Buhari da Muslim, da ɗan Adam zai samu kwari biyu cike da dukiya da sai ya nemi na uku, ba abinda ke cika cikinsa sai ƙasa, kuma Allah yana karɓar tuban wanda ya tuba. Shi yasa a wani hadisin nasu, daga Abu Huraira, yace wadata ba yawan abin duniya bace, wadata itace wadatar zuci. Lura, bai ce dukiya sharri bace, cewa yayi ba a can wadatar take zaune ba.

Labarin da yafi kama da naka shine na Hakimu ɗan Hizam, shima mutumin Makka ne. Ya roƙi Annabi aka bashi, ya sake roƙa aka bashi, ya sake aka bashi, sannan Annabi yace masa ya Hakimu wannan dukiyar koriya ce mai zaƙi, wanda ya ɗauketa da sakakkiyar zuciya za'a sa masa albarka, wanda ya ɗauketa da zuciya mai leƙe ba za'a sa masa albarka ba, zai zama kamar mai ci baya ƙoshi. Kai dai tuna wanda ke ci baya ƙoshi, ai wannan mara lafiya ne, ba mai jin daɗi ba, ko da tiren kabsa goma aka jere masa. Dukiyar ɗaya ce a hadisin, hannun da ya karɓa ma ɗaya ne, zuciyar ce ta bambanta. Kuma Hakimu daga ranar ya rantse bai ƙara karɓar komai a hannun kowa ba, Abubakar ya kirashi ya karɓi rabonsa ya ƙi, Umar ma ya kirashi ya ƙi, haka ya zauna har ya koma ga Allah.

Ni dai a zamana kusa da Harami nan naga abinda ya isheni. Akwai wani bawan Allah, ba zan faɗi ko daga ina yake ba, ɗakin da ya kama a benayen da ke kallon Ka'aba a goman ƙarshe na azumi kuɗinsa zai biya maka hayar shekara, ya riƙe hannuna bayan Asuba yana hawaye yace Malam a roƙa min Allah in samu bacci ba tare da ƙwaya ba, 'ya'yansa kuma tun yana raye sun fara rigima akan gado. Bance duk mai kuɗi haka yake ba, wallahi na san attajirai masu natsuwa da in ka zauna dasu sai ka ji sanyi a ranka, kuma na san matalauta da hassada ta cinye su har sun rame. Wannan ɗin ma shine hujjata, tunda ana samun natsuwa a nan da can, ana rasata a nan da can, to ba aljihu ne ke riƙe da ita ba.

Malamai sun daɗe suna jayayya akan wanne yafi, mawadaci mai godiya ko matalauci mai haƙuri, kowane ɓangare da hujjojinsa. Abinda Ibnu Taimiyya ya rinjayar kuma nima shi na gamsu dashi, wanda yafi taƙawa cikinsu shi yafi, in taƙawarsu tazo ɗaya darajarsu ɗaya. Sai dai a tuna mai dukiya tambaya biyu ke jiransa akanta ranar ƙiyama, ina ya samo kuma ina ya kashe.

To tsakanin Hajiya da uwargida fa? Hajiya ce tafi kusa da gaskiya, amma kar ka fahimci maganarta a karkace. Wadatar zuci, wato ƙana'a, a zuciya take ba a hannu ba. Hannu yana ta nema, zuciya kuma tana kwance akan abinda Allah ya ƙaddara ya shigo. Abdurrahman ɗan Aufu da yazo Madina ba shi da komai, Sa'adu ɗan Rabi'u yace zai raba dukiyarsa biyu ya bashi rabi, yace Allah ya sa maka albarka nuna min hanyar kasuwa kawai. Mai matacciyar zuciya da ya karɓa ya kwanta, mai kwaɗayi ma da ya karɓa har ya leƙa sauran rabin. Shi bai karɓa ba ya tafi kasuwa ya zama cikin manyan attajiran sahabbai, kuma wannan mutumin ne aka kawo masa abinci yana azumi ya tuna Mus'abu ɗan Umair da aka kashe a Uhudu ba'a samu likkafanin da zai rufe shi duka ba, in an rufe kai ƙafa ta fito, sai ya fashe da kuka ya bar abincin. Dukiyar tana hannunsa, bata shiga ƙirjinsa ba. A aya ta 97 cikin Suratun Nahli Allah yayi alkawarin rayuwa mai daɗi ga mai imani da aiki nagari, namiji ko mace, an ruwaito daga Sayyadina Ali cewa ƙana'a ce ake nufi, daga Ibnu Abbas kuma arziƙin halal, kuma ni banga karo tsakanin fassarorin biyu ba.

Yanzu maganar shigo da marasa tasrihi. Wannan kam bai halatta ba, kar ka kusance shi. Majalisar manyan malaman ƙasar nan ta fitar da bayani a 2024 cewa zuwa Hajji ba tasrihi bai halatta ba kuma mai yi yana da zunubi, to mai ɗaukarsu don kuɗi ina ya tsaya, alhali Allah ya hana taimakekeniya akan saɓo? Kuma ba maganar takarda bace kawai, rayuka ne. A Hajjin shekarar 2024 mutum sama da 1,300 suka rasu cikin tsananin zafi, hukuma tace kusan kashi 83 cikin ɗari nasu marasa tasrihi ne, mutanen da aka sauke a hanya suka taka a rana ba tanti ba inuwa. Wani direba ne ya saukesu ya ƙirga kuɗinsa ya juya. Banda tara mai nauyi da korar da ke jiran baƙo in an kama shi, garin neman ƙiba a samo rama, yaranka biyu su wayi gari ba uba a ƙasar ba igama. Mai baka shawarar nan ba zai bika tarhil ba, wato gidan da ake tsare waɗanda za'a kora daga ƙasar.

In kana son ƙari, ga abokin naka nan, harkarsa in ta halal ce je ka same shi ka faɗa masa gaskiya kana son ya nuna maka kasuwa kamar yadda Abdurrahman ya nema, ka fara da ɗan abinda ka tara ba bashin ruwa ba, ta hanyar da dokar aikinka ta yarda, kuma kar ka saki aikin da ke hannunka sai ka ga ƙafarka ta taka ƙasa. Sannan ka gwada zuciyarka da abu ɗaya, a sujuda ka roƙa masa Allah ya ƙara masa ya sa albarka, da sunansa. In harshenka ya yi nauyi to ka san akwai aiki a ciki, ka cigaba da yi har ya saki. Waɗanda suka ga Ƙaruna ya fito cikin adonsa sukace ina ma mu ne, ƙarshen Suratul Ƙasasi ya faɗi abinda suka dawo suna cewa bayan ƙasa ta haɗiye shi da gidansa. Ban ce abokinka Ƙaruna bane, Allah ya kiyaye, kallon nake ja maka kunne akai. Annabi (SAW) yace ku dubi wanda ke ƙasa daku kar ku dubi na sama, shi yafi dacewa don kar ku raina ni'imar Allah, kuma kai basai kayi nisa ba, cikin unguwarku nawa ne basu da igama basa iya fita titi da natsuwa, nawa ne suka rasa matsuguni da aka rushe su Sabil da Karantina a Jidda, nawa ne a gida suke tara kuɗi shekara da shekaru don su ga ɗakin Allah da kai kake zuwa da ƙafa?

Ita kuma uwargida kar ka ɗauki maganarta da zafi, sau da yawa mace in tace zuciyarka ta mutu tsoro ne ke magana, tana tunanin in aiki ya tsaya yau ina zaku nufa, tunda nan ba ƙasarmu bace. Wannan tunanin nata daidai ne, kuma Annabi ya kasance yana ajiye wa iyalansa abincin shekara. Zaunar da ita ku buɗe lissafi tare, nawa ke shigowa nawa ke fita, ko riyal 100 ne ku fara ware shi duk wata da niyyar fili a gida. Hajiya kuma ka kirata kace ta sa maka albarka a neman da zaka ƙara, kar ta ji kamar ka watsar da maganarta ne.

Wallahu a'alam.