Kwana uku a Edinbara da Mama mai ciwon gwiwa: ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Manchester. Mahaifiyata za ta zo mini ziyara daga gida, ina so in kai ta Edinbara mu yi kwana uku ta ga gari. Ta haura shekara 60, gwiwa na damunta, kuma ba ta son hayaniya. Hutuna zai faɗo ko dai a watan Mayu ko a Agusta. Wane lokaci ya fi, ina za mu sauka, me za mu gani ba tare da na wahalar da ita ba? Sannan yaya batun sallah da abinci?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya kawo Hajiya lafiya, Ya saka miki da alheri.

Ki ɗauki Mayu, ki bar Agusta. Tun 1947 watan Agusta ya zama watan bukukuwan wasanni a Edinbara, kuma a lokacin ne ake faretin sojoji masu busa da kaɗe-kaɗe kusan kowane dare a ƙofar Edinburgh Castle, tsohon gidan sarakuna mai ganuwa da zan riƙa kira ganuwa. Gari yakan cika maƙil, babban titin tsohon gari ya koma kamar kasuwa ranar jajiberin sallah, kuɗin otal ya yi tashin gwauron zabo. Matashi mai son kallo zai ji daɗi, amma wadda kika ce ba ta son hayaniya kwana ɗaya zai ishe ta. A Mayu kuwa itatuwa sun yi ganye, sanyi ya sassauta, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, ga lokaci isasshe na fita da komawa hutu da sake fita. Bizar Birtaniya da Hajiya ta shigo da ita ta wadatar, babu wani shinge tsakanin Ingila da Sikotilan. Sunan garin kuma Edinburgh ake rubutawa a tikiti da alluna, amma Edinbara mutanensa ke faɗa.

Abin da ya fi komai muhimmanci a tafiyarku shi ne fasalin ƙasar garin, don shi ne yake kayar da baƙi. An gina tsohon gari a kan doron wani tudu mai tsawo. A can ƙololuwa, kan dutsen da asalinsa tsohon dutse ne mai aman wuta, ganuwar sarakuna take. Daga ƙofarta titin da ake kira Royal Mile ya gangaro kimanin mil ɗaya har ƙofar fadar Holyroodhouse. Dama da hagu kwari ne. Saboda haka taswirar waya takan yaudari mutum: za ki ga tituna biyu sun giciye, ki ɗauka mahaɗa ce, ashe ɗaya gada ce a sama, ɗayan yana can ƙasa kamar a gindin rijiya. Haka titin Cowgate yake a ƙarƙashin George IV Bridge da South Bridge. Waya ta ce miki tafiyar minti 4 ce, ba ta gaya miki minti 4 ɗin matakala ne zalla a cikin lungu ba. Dokar da nake ba duk mai tafiya da dattijo ita ce mota ta kai ku sama, ƙafa ta sauko da ku, kuma babban wuri ɗaya a yini ya isa.

Wannan ne zai zaɓa muku masauki. Otal a cikin tsohon gari yana da daɗin faɗa, amma lungunan dutse ne da hawa da sauka. Ki nemi ɗaki a sabon gari, wajen Princes Street ko George Street ko St Andrew Square. Sabon garin ma ba na jiya ba ne, tun 1767 aka amince da zanen wani matashi James Craig, tituna masu faɗi a miƙe, a lokacin da masu hali suka gaji da cunkoso da warin tsohon gari. UNESCO ta sa ɓangarorin biyu cikin wuraren tarihi na duniya a 1995. Kafin ki biya kuɗi ki buga waya ki tambaya ko akwai lif, domin da yawa daga ƙananan masaukai tsofaffin gidaje ne masu hawa uku ko huɗu, kuma ɗakin da ya fi araha galibi shi ne na can sama.

Daga Manchester akwai jirgin ƙasa kai tsaye, awa uku da 'yan kai. Idan ya shigo Edinbara zai fara tsayawa a Haymarket, ku zauna sai Waverley, ita ce a tsakiyar gari. Tashar a cikin kwari take, to kada ki ja akwati kina neman matakala, akwai lif da matakala mai tafiya da kanta zuwa Princes Street. Da ni ce ke, sai mu iso ranar Laraba da yamma. Ba a zuwa ko'ina a ranar, sai dai a zauna a benci cikin lambun Princes Street a ɗaga kai a kalli ganuwa. Lambun nan da tafki ne mai ƙazanta, aka janye ruwansa. Baƙar hasumiyar da za ku gani a gefe tana da matakala 287, kallo daga ƙasa ya ishe ku.

Alhamis ranar ganuwa. Ki sayi tikiti ta intanet tun kafin ku taso, ki zaɓi lokacin safe, don a ƙofa yakan ƙare. Ku ɗauki tasi ya kai ku iya inda ake barin mota ta kai. Daga ƙofa zuwa farfajiyar sama hawa ne sosai a kan daɓen duwatsu masu santsi, amma suna da wata mota da ke ɗaukar waɗanda hawan zai gagara, ki sanar da ma'aikata da zarar kun iso, ko ma ki tuntuɓe su tun da wuri. A sama za ku ga kambin sarautar Sikotilan da sanda da takobi, da ɗan ɗakin da Sarauniya Mary ta haifi James a 1566, yaron da ya girma ya haɗa gadon sarautar Sikotilan da ta Ingila a 1603. Akwai wani ɗan ƙaramin ɗakin ibada na St Margaret da aka gina a ƙarni na 12, shi ne gini mafi tsufa a duk birnin, bai fi zauren gida ba. Akwai kuma Mons Meg, ƙatuwar igwa ta ƙarni na 15, da dunƙula-dunƙulan duwatsun da take harbawa a jibge kusa da ita.

Ki gargaɗi Hajiya tun da wuri: ƙarfe 1 na rana daidai ana harba igwa. Tun 1861 ake yi, asali don jiragen ruwa da ke tashar Leith su saita agogonsu, kuma kullum ne ban da Lahadi da wasu ranakun hutu. Ƙararta takan sa baƙo ya zabura, 'yan gari kuwa agogon hannu kawai suke dubawa su wuce.

Bayan igwa sai gangara, sannu a hankali. Ki riƙa leƙa ƙananan lungunan da ke ɓullowa dama da hagu, kowanne da sunansa a rubuce a sama. Katangar da ta kewaye tsohon gari ta hana mutane faɗaɗa gini, sai suka yi sama, har gidaje suka kai hawa goma da ɗoriya tun kafin a san lif, kuma ta taga ake watso ruwan ƙazanta da dare bayan an yi ihun gargaɗi. Kusa da cocin St Giles, inda aka ajiye gawar Sarauniya Elizabeth a Satumbar 2022 jama'a suka yi mata bankwana, akwai siffar zuciya da aka jera da duwatsu a ƙasa. Idan kika ga mai wucewa ya tofa mata yawu, ba rashin tarbiyya ba ne, wurin tsohon kurkuku ne, tofin ya zama al'ada. Ki dai kauce kada ku taka. A nan ne zan ce ku tsaya ku sha shayi ku koma masauki. Masu talla za su gayyace ku zagayen lungunan ƙarƙashin ƙasa, duhu ne da matakala, ba na Hajiya ba ne. In ƙarfinta ya kai, tasi zai sauke ku Holyroodhouse a ƙarshen titin, masaukin Sarki Charles idan ya zo Sikotilan, amma ki duba ranakun buɗewa tukuna, ana rufe ta idan Sarki ko wakilinsa ya sauka. Majalisar dokokin Sikotilan tana kallon fadar, an buɗe gininta a 2004, shiga kyauta.

Juma'a ta tsara kanta. Da safe ku tafi gidan tarihi na ƙasa a Chambers Street, kyauta ne, akwai lif da kujeru da banɗaki, ga ɗumi. A nan tunkiyar nan Dolly take a cikin gilashi, wadda masana suka samar a 1996 daga ƙwayar halittar wata tunkiyar ba tare da rago ba. Ke ma'aikaciyar lafiya ce, ina jin ke za a janye daga wurin. Ku hau rufin ginin da lif, za ku ga ganuwa da rufin gidajen tsohon gari ba tare da hawa ko tudu ɗaya ba. Daga nan tafiyar 'yan mintuna ce a shimfiɗe zuwa babban masallacin gari a Potterrow, wanda aka buɗe a 1998 da taimakon Sarki Fahad na Saudiyya, kuma akwai sashen mata. Ki karɓi jadawalin sallarsu ki bi shi. Garin yana can arewa sosai, a bazara Isha takan kai dare sosai, Asuba ta zo da wuri, shi ya sa barcin rana ya zama dole a tsarinku.

Unguwar masallacin ta jami'ar Edinbara ce, kuma tana da alaƙa da ƙasarmu da Hajiya za ta so ji. A jami'ar nan Mungo Park ya karanta likitanci kafin ya je ya halaka a kogin Kwara wajen Bussa a 1806. Haka ma likita Walter Oudney, wanda ya rasu kusa da Katagum a 1824, abokin tafiyarsa Hugh Clapperton ya wuce Kano da Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wato sun riga ku kai ziyara da shekara 200.

Abinci ba zai ba ku wahala ba a wannan yankin, Nicolson Street da kewayenta cike suke da gidajen abincin halal, shinkafa da miya mai yaji irin ta Pakistan da gasasshen nama na Turkawa. A sauran wurare ki yi tambaya. Haggis, abincin da suke alfahari da shi, kayan cikin tunkiya ne da hatsi, amma galibi ba yankan Musulmi ba ne. Baƙin abin nan da ake sawa a farantin karin kumallo da jini ake yinsa. Soyayyen kifi da dankali ma ki tambaya ko an kwaɓa fulawar da giya, haka alewa da miya wani lokaci akan zuba musu wiski. Abin da zan ce ku ɗanɗana shi ne Cullen skink, miyar bandar kifi da dankali da madara, tana shiga jiki a ranar sanyi.

Asabar ku bar wa yanayi ya zaɓa. In gari ya yi haske, lambun tsirrai na Royal Botanic Garden kyauta ne, da benci a ko'ina. In ana ruwa, ku hau taragon lantarki zuwa Leith ku shiga Britannia, jirgin ruwan gidan sarauta da aka yi wa ritaya a 1997, akwai lif zuwa kowane bene. Ki biya kuɗin taragon a tasha kafin ku shiga. A bas kuwa kati ake dangwalawa, direba ba ya ba da canji. Dutsen Arthur's Seat mai tsayin mita 251 da kowa ke ɗora hotonsa, ki bar shi sai kin dawo ke kaɗai.

Kayan sawa: iskar garin ta fi ruwansa cutarwa, tana karya lema, don haka rigar ruwa mai hula ta fi. Hajiya ta sa wando mai kauri a ƙarƙashin zani, da safa, da takalmi mai kama ƙasa, silifas a kan jiƙaƙƙen dutse haɗari ne. Wani lokaci hazo mai sanyi yakan taso daga teku ya rufe ganuwa ruf da rana tsaka, to a riƙe mayafi mai kauri a jaka ko da an wayi gari da rana. Idan aka ba ki canji da takardun fam na bankunan Sikotilan, ki kashe su kafin ku hau jirgin komawa, wasu masu shaguna a Ingila sukan yi jinkirin karɓarsu.