Tambaya da Amsa: Tayil da ɗumi a akwatin ƙadangare mai gemu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Muna zaune a Birmingham ta ƙasar Ingila. Maƙwabcinmu da zai tashi ya bar wa ɗana ɗan shekara 12 ƙadangaren nan mai gemu da Turawa ke kiwo, haɗe da akwatinsa na gilashi. An zuba masa yashi a ciki, wari ya dame mu, sannan akwai wani faifan ɗumi na lantarki a ƙarƙashin akwatin. Muna da ragowar tayil mai sheƙi na kicin, Baban yara ya ce a shimfiɗa shi, a bar faifan a ƙasa ya riƙa ɗumama shi. Yaro ya ƙwallafa rai, ni kuwa ban san kan dabbar ba, ta zame mini ƙadangaren bakin tulu. Ina mafita? — Daga wata uwa, Birmingham.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki gaya wa Alhaji ya yi daidai a rabi. Tayil shawara ce mai kyau, amma ba wannan mai sheƙin ba, faifan ƙasa kuma a cire shi tun yau.

Asalin wannan dabba busassun yankunan tsakiyar Ostireliya ne, kodayake duk wanda kika gani a kantin Ingila a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe shi, domin Ostireliya ta daɗe da hana fitar da namun dajinta. Jikinsa ba ya samar da zafin kansa. Kin tuna jan gwada a katangar gidanku da safe, ya baje ciki yana shan hantsi, yana gyaɗa kai? To haka wannan ma yake, daga sama yake neman zafi. Har wani ɗan ido na uku gare shi a tsakar ka, wanda ba ya ganin sura sai haske da inuwa. Inda ya ga haske nan yake zuwa neman ɗumi. Cikinsa kuwa ba ya saurin faɗa masa cewa wuri ya yi zafi, shi ya sa yakan kwanta a kan abu mai ƙuna har fatar cikin ta sale bai motsa ba. Faifan da aka danne tsakanin gilashi da tayil zafinsa taruwa yake yi a wuri guda, yana iya tsaga gilashin, kuma ba ya ɗumama iskar akwatin. Haka ma dutsen roban nan mai waya da ake sayarwa, kada ki bari a sayo shi ko da arha ne.

Abin da ake so shi ne kwan fitilar halojin mai baza haske da zafi, a rataye shi a sama a kusurwa ɗaya ta akwatin, a cikin mariƙin tangaran saboda na roba narkewa yake yi. Yawanci wat 75 zuwa 100 na isa, amma kada ki dogara da abin da aka rubuta a kwali. Ki sayi ma'aunin zafin nan mai kama da bindiga, irin wanda aka riƙa ɗora wa mutane a goshi lokacin korona, sai dai ki nemi na auna kayayyaki, don na goshi ba ya karanta zafi mai yawa. Ki kunna kwan, ki ba shi awa biyu zuwa uku, sannan ki auna saman tayil ɗin da ke daidai ƙarƙashinsa. Ana so ya kasance tsakanin digiri 38 zuwa 42. Ɗaya ƙarshen akwatin kuma ya tsaya wajen 24 zuwa 28, don ya samu inda zai gudu idan ya ƙoshi da zafi. Idan kin ga ya kwanta ƙarƙashin fitila ya wangame baki, wannan ba ciwo ba ne, zafi yake fitarwa. Amma in kullum yana maƙale a kusurwar sanyi yana karce gilashi, wuta ta yi yawa. Ki haɗa kwan da na'urar daidaita zafi mai rage ƙarfin haske, ba mai kashewa da kunnawa ba.

Yanzu ga tayil. Mai sheƙi santsi gare shi, ƙadangaren zai riƙa zamewa ƙafafu a warwatse, kuma a kwana a tashi gaɓoɓinsa su sha wahala. Ki nemi mai kaushi. Ki jiƙa babban yatsa ki goga a kai a kanti: in ya zarce sumul, ki ajiye, in kin ji yana ɗan riƙe yatsan, shi ne. Na fi son allon dutsen nan baƙi-baƙi da ake rufin gidaje da shi a Ingila, a sa shi a ƙarƙashin fitila, domin yana shan zafi ya riƙe, ya ci gaba da ɗumama cikin dabbar bayan an kashe wuta, kuma yana rage masa farce ba sai an yanke ba. Aibinsa biyu: yana da nauyi, kuma yana tsotse ƙazanta. Saboda duhunsa kuma yana fin farin tayil zafi a ƙarƙashin kwan iri ɗaya, don haka duk ranar da aka canja tayil sai a sake awo. Sauran filin a shimfiɗa na tangaran mai kaushi, wanda goge ɗaya ke wadatar da shi.

Kada a sa siminti ko gam. A auna cikin akwatin, a yanko tayil ɗin ya ɗan gaza kaɗan, a shimfiɗa takardar goge hannu ninki biyu a ƙasa, a jera su a kai. Ruwan kashinsa zai bi ta tsakanin tayil, kuma ranar da kika ɗaga za ki gode wa Allah da ba a manne su ba. A goge kaifin bakin da aka yanka. Wanki kuma a yi shi a bokiti na daban, ba a wurin wanke-wanken kicin ba, yaron ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa shi, domin irin waɗannan dabbobi na ɗauke da ƙwayar salmonela ko da suna cikin ƙoshin lafiya.

Yashin nan a kwashe shi. Masu kiwo suna ta ja-in-ja a kansa, kuma gaskiya a daji a kan ƙasa yake rayuwa, amma ƙadangaren da bai samu isasshen zafi ba, in ya haɗiyi yashi garin cafkar gyare, hanjinsa na iya toshewa. Ga sabon shiga irinku tayil ya fi kwanciyar hankali. Sai dai dabba ce mai son tono, don haka a ajiye ɗan faranti mai zurfi da ƙasa gauraye da yashin wasan yara a gefe. In mace ce wannan ya zama dole, don takan yi ƙwai ko babu namiji, kuma in ba ta samu wurin haƙa ba sai ta riƙe su a ciki.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, kuma ya fi tayil ɗin muhimmanci: fitilar UVB, wato mai fitar da wani nau'in hasken rana da idon mutum ba ya gani. Idan babu ita, jikinsa ba zai haɗa bitamin D3 ba, kalsiyam ba zai shiga ƙashi ba, sai muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su karkace, yana rawar jiki. Ki nemi doguwa samfurin T5 mai ƙarfin UVB kashi 10 ko 12 cikin ɗari, a sa ta gefen kwan zafi, a bi tazarar da kamfanin ya rubuta. Wannan haske ba ya ratsa gilashi, saboda haka ajiye akwati a bakin taga bai wadatar ba. A canja ta duk shekara ko da tana ci, kuma tunda ba ku san yaushe maƙwabcin ya sayi tasa ba, ku ɗauka ta ƙare. Fitilun biyu su yi awa 12 a kunne, sannan duhu sosai. Ban da jan kwan dare. Sai in ɗakin na sauka ƙasa da digiri 18 a hunturun Ingila, sannan a sa kwan tangaran mai ba da zafi ba haske.

Masu karatu na gida da ke sha'awar kiwonsa, taku matsalar ta sha bamban. A Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu ɗakin kansa na iya wuce digiri 35, sai a rasa gefen sanyi, ga kuma ɗauke wuta. Kwan da aka sayo daga Amurka kuma na bolt 120 ne, namu 230, kunnawa ɗaya zai ƙone.

Ki auna akwatin ma, Hajiya. Babban ƙadangare na kai santimita 45 zuwa 60, yana buƙatar wuri mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. In naku bai kai ba, kada a yi asarar yanka tayil, a fara canja akwatin. Ki kuma shaida wa Alhaji cewa dabbar na shekara 10 zuwa 15, wato yaron zai tafi jami'a ya bar muku ita.