Ƙotar tsohuwar bindigar gado: a sabunta ta ko a bar ta yadda take?

Tambaya: Na gaji bindiga mai baki biyu ƙirar W.W. Greener daga mahaifina, shi ma a hannun kakanmu ya same ta, kuma lasisinta yana nan daidai. Ƙarfenta lafiya lau, amma ƙotar ta yi duhu, ta yi tabo, zanen wurin riƙo ya fara shafewa. Wani kafinta ya ce zai goge mini ita da samfefa, ya shafa mata banis ta koma kamar sabuwa. In ba shi? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malam, kada ka ba shi, ko da kuwa ya ƙware a aikin kujeru da ƙofofi. Gidan Greener, wato kamfanin Ingila da ya ƙera ta, ya samo asali ne a Newcastle a 1829, ya koma Birmingham a 1844, kuma bindigoginsa suna cikin waɗanda masu tara tsofaffin makamai suke nema har yau. Abin da mai tarawa yake biya kuɗi a kansa shi ne kayan su kasance yadda suka fito daga hannun maƙerinsu, don haka duhun nan da kake gani a matsayin aibi, a wurinsa shaida ce cewa ba a taɓa itacen ba.

Babbar ɓarnar samfefa tana faruwa ne a inda itace ya haɗu da ƙarfe. Masu ƙera irin wannan bindiga da itacen walnat suke yin ƙota, kuma sukan bar itacen ya yi daidai da ƙarfen ko ya ɗan ɗara shi tudu kaɗan. Da zarar an goge, sai itacen ya nutse ƙasa da ƙarfen, gefunan da suke da kaifi su zama dunƙule, kuma babu wata dabara da za ta mayar da abin da aka kankare. Wanda ya san bindiga, da yatsa kawai zai shafa wurin ya gane an yi mata aiki. Haka zanen wurin riƙo, wanda da hannu aka yanka shi layi bayan layi: samfefa za ta ƙarasa shafe shi, banis kuma ya cike ramukan da suka rage. Banis ɗin zamani mai ƙyalli ma baƙo ne a jikinta, domin kyawawan bindigogin Ingila yawanci da man linsid, wani man ƙwayar shuka da ake shafa wa itace, ake gama ƙotarsu, ana shafawa kaɗan kaɗan da tafin hannu, ana bari ya bushe, har tsawon makonni.

Akwai bambanci tsakanin kasuwanni da ya kamata ka sani. Masu tarawa a Amurka, musamman masu son bindigogi ƙirar Parker da L.C. Smith da Winchester, sun fi tsananta wa batun asali, kuma farashi yakan faɗi sosai idan an sake wa ƙota fuska. A Ingila an saba mayar da bindiga wurin maƙera lokaci bayan lokaci a sabunta man ƙotarta, saboda haka gyaran gwani bai cika zama abin ƙi ba. Amma ko a can, aikin gwanin ƙota ake nufi, wanda zai cire tsohon mai ba tare da ya ci itacen ba.

Abin da za ka iya yi da kanka kaɗan ne, kuma ya wadatar. Ka goge dauɗa da tsumma mai laushi, ka bi zanen da tsohon buroshin haƙori, sannan ka shafa ɗigon man linsid ko ɗan kakin zuma, ka goge rarar. Ƙananan lotsawa, matuƙar itacen bai yanke ba, sukan taso idan aka ɗora jiƙaƙƙen tsumma aka danna dutsen guga mai zafi, sai dai tururin yana iya ɓata tsohon man da ke kewaye, shi ya sa ni na fi son a bar su.

Wuri ɗaya ne nake ganin gyara ya zama dole. Duba kan ƙotar, daidai inda ta shiga ƙarfe. Idan bindiga ta yi shekara da shekaru a jingine baki sama, man da ake zuba wa ƙarfen yakan gangaro ya jiƙa itacen, ya mayar da shi baƙi ƙirin, ya sa shi laushi, daga nan kuma tsagewa take farawa saboda nan ne yake ɗaukar bugun harbi. Idan ka ga tsaga ko ka ji ƙotar tana motsi, kada a harba ta sai maƙerin bindiga mai lasisi ya duba. Shi ne zai cire ƙotar, ya zuƙe man da garin alli da sinadarin asiton mai narkar da mai, ya liƙe tsagar daga ciki. Ka roƙe shi ya auna tsawon ɗakin harsashi ma, wato gurbin da harsashi yake zama, domin da yawa daga tsofaffin bindigogin Ingila na inci biyu da rabi ne, alhali harsashin da ya fi yawa a yanzu na inci biyu da kwata uku ne, wato ya fi ɗakin tsawo.

Wajen ajiya, ka riƙa jingine ta baki ƙasa, nesa da rana da bangon da ke ɗaukar zafi, kuma ka ƙara lura da ita lokacin hunturu, domin bushewar iskar ƙasarmu tana sa itace ya tsuke har tsohuwar tsaga ta buɗe.