Tambaya da Amsa: Lambar Banki Ta Daina Shigo Mini Tun da Na Bar Gida

Assalamu alaikum. Ina aiki a Jidda, iyalina suna Kano. Duk sanda zan tura musu kuɗi ta manhajar banki sai a ce an turo mini lambar OTP, wato lambar sirrin da banki ke aikowa ta tes don tabbatar da ni ne, amma shiru. Layina na Najeriya kuwa yana cikin wayar. Ina gizo yake saƙar? — Mai karatu daga Jidda

Wa alaikumus salam, Malam. Saƙon nan hannu huɗu yake bi kafin ya iso gare ka: daga banki zuwa kamfanin da ke aika masa saƙonni, daga nan zuwa kamfanin layinka na gida, shi kuma ya miƙa wa kamfanin Saudiyya da suka ƙulla yarjejeniyar romin da shi, wato damar amfani da layi a ƙasar waje. Ko'ina yana iya maƙalewa, don haka a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Fara da duba saman wayar. Idan gefen layin Najeriya babu sandunan sabis, bai hau kan kowane kamfani ba ke nan. Shiga saitin waya, wurin zaɓen sabis, ka kashe zaɓin da waya ke yi da kanta, ka jira ta jero maka STC da Mobily da Zain, ka gwada su bi da bi. Sau da yawa waya kan liƙe wa wanda ya fi ƙarfi alhali saƙon ta ɗayan ya fi wucewa. In duka sun ƙi, to ko ba a buɗe wa layin romin ba, ko babu kati a ciki, ko an rufe shi saboda NIN. Tun Disambar 2020 hukumar NCC ta wajabta haɗa kowane layi da NIN, kuma bambancin suna ko ranar haihuwa tsakanin rajistar layin da ta NIMC ya isa ya sa a toshe shi.

Idan sabis ya kawo, sa wani a gida ya turo maka tes na gaisuwa. Ya shigo amma na banki bai shigo ba? Sai a duba abu biyu. Na farko tsarin hana saƙonnin talla na 2442: wani lokaci saƙon banki kan biyo hanyar da tallace-tallace ke bi, sai a tare shi tare da su. Gajerun lambobi irin wannan ba kullum suke aiki daga waje ba, saboda haka ka nemi masu kula da abokan hulɗa na kamfanin layin su cire maka. Na biyu, lambar wayar da ke kan BVN ɗinka daban, wadda ke kan asusun daban, rajista biyu ce. Mutum kan sauya ɗaya ya manta ɗayar, sai banki ya yi ta aika lambar sirri zuwa tsohon layi.

Akwai kuma jinkiri. Lambar OTP mintuna kaɗan take rayuwa, kuma duk sabuwar da ka nema tana kashe ta baya. Mai gaggawa kan danna "sake turowa" sau uku, sai ta farko ta iso, ya sa, a ce ba daidai ba, ya sake, har a kulle masa manhajar. Nema sau ɗaya, ka ba ta minti biyu. Sannan ka kashe datar romin a kan wannan layin. Karɓar tes galibi kyauta ne, amma data da amsa kira suna cinye kati nan da nan.

Ɗiyata za ta tafi karatu Ingila wata mai zuwa. Na ce ta bar wa ƙanenta layin, in lamba ta shigo ya riƙa tura mata ta WhatsApp. Hakan ya yi? — Wata uwa daga Zariya

Hajiya, ba mu ba da wannan shawarar ba, ko da yaron mai amana ne. Wayarsa za a iya sacewa a kasuwa ko a cikin A Daidaita Sahu, kuma wanda ya riƙe layin da ke kan asusu ya riƙe rabin makullin: da shi ake shiga banki ta lambobin tauraro, da shi ake sake lambar sirrin manhaja, da *565*0# kuma ake ganin BVN. In kuɗi suka fita ta wannan hanyar, banki zai ce lambar da aka yi rajista da ita ce ta ba da izini.

Abin da ya fi shi ne ta shiga reshen bankinta da kanta kafin ranar tafiya, ba ranar jajibiri ba, ta karɓi tokin. Akwai na hannu, ɗan ƙaramin abu kamar maƙalin makulli, da an danna shi sai lambobi su fito a fuskarsa, ba ya buƙatar sabis ko intanet, batirinsa na yin shekaru. Akwai na manhaja, wanda ake sa wa a waya. Shi wannan yana ɗaure ne da wayar da aka kunna shi a kai, in ta sauya waya a can sai an sake kunnawa, kuma sake kunnawar kan nemi tes. Don haka mai dogon zama ya fi samun kwanciyar hankali da na hannu. Ta kuma tambaya ko bankin na aika OTP ta imel, ta tabbatar adireshin da ke wurinsu wanda take buɗewa ne, ta cika takardar da ke ba banki damar karɓar umarninta ta imel. Biyan kuɗi da katin ATM a intanet yana da tasa lambar dabam, ta gwada sayen wani ƙaramin abu tun tana gida ta ga inda lambar ke sauka.

Layin kuwa ta tafi da abinta, ta sa masa lambar sirri ta sim. Waya mai sim biyu ta wadatar.

Shekara ɗaya da rabi ina Amurka, layina yana cikin ƙaramar waya mai madannai a akwati. Na kunna, ba sabis. Ya mutu ne? — Wani ɗalibi

Mai yiwuwa wayar ce, ɗan'uwa. Manyan kamfanonin Amurka sun rufe 3G a 2022, kuma 2G ɗin da ƙananan wayoyi ke dogaro da shi ya kusa ƙarewa a can. Sa sim ɗin a babbar waya mai 4G tukuna.

In nan ma shiru, to tsawon lokacin ne. A ƙa'idar NCC, layin da ya yi wata shida ba a kashe ko kwabo a kansa ba ana iya dakatar da shi, in ya ƙara wasu shida ana iya sayar wa wani da lambar. Shigowar alat kaɗai kada ka ɗauka tana raya layi. Sa wani ya kira lambar yau. Idan baƙo ya ɗauka, rubuta wa banki nan take ta imel ɗin da suka san ka da shi su cire ta daga asusun, domin alat ɗinka da OTP ɗinka wurinsa suke zuwa. Idan a kashe take, akwai sauran dama, sai dai welkam-bak, wato sake karɓar sim mai tsohuwar lambarka, na buƙatar a ɗauki fuskar mai layi ko yatsunsa a gwada da NIN, abin da yawanci sai ka zo gida.

Ga masu layi da rai: duk wata biyu a sa kati ta manhajar banki, a aika tes guda ɗaya. MTN na da tsarin Keep My Number da ake biya a riƙe wa mutum lambarsa, sauran kamfanoni ma a tambaye su irinsa.

Zan iya ba banki lambata ta ƙasar waje, ko irin lambar nan ta intanet? — Ɗan kasuwa a Dubai

Lambar intanet irin ta Google Voice kada ka fara, saƙonnin banki sau da yawa ba sa shiga cikinta. Lambar Dubai ta gaske kuwa ya danganta da bankin, Alhaji. Wasu suna karɓa, musamman a asusun 'yan ƙasa mazauna waje, wasu kuma tsarinsu lambar +234 kawai ya sani. Nemi amsar a rubuce, kuma kada ka saki layin gida sai ka ga OTP ta sauka a sabuwar lambar da idonka.