Launin da ke hoton fMRI, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke aiki?

Ɗan'uwa daga Garwa, ka tambaya ko jan launin da kake gani a hoton fMRI, wato hoton aikin ƙwaƙwalwa da na'ura mai maganaɗisu ke ɗauka, shi ne ƙwayoyin jijiya suna aiki. Jini ne na'urar take gani, ba su ba.

Idan wani sashe na ƙwaƙwalwa ya kama aiki, jini mai iskar oksijin yakan kwararo wurin fiye da yadda ake bukata. Jinin da ya rasa oksijin yana ɗan dagula maganaɗisun na'urar, to da ya ragu sai siginar ta ƙaru. Seiji Ogawa ne ya nuna haka a 1990.

Wahalar tana wajen lokaci. Ƙwayar jijiya tana aika saƙo cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, jini kuwa sai bayan daƙiƙa 5 zuwa 6 yake kai ƙololuwa. Kamar Binuwai ne: ruwa ya sauka can tsaunukan Adamawa, sai daga baya kogi ya cika a Garwa. Shi ya sa ake lissafi da kwamfuta, a bi sawun jinin a koma ga aikin da ya jawo shi. A 1998 Richard Buxton ya kawo lissafin da ya ɗauki jijiyar jini a matsayin balan-balan mai kumbura ta sace, Karl Friston ya faɗaɗa shi a 2000.

Abin da nake so ka riƙe sosai shi ne gwajin Nikos Logothetis a kan birai a 2001. Ya gano siginar ta fi bin saƙonnin da ke shigowa sashen da aikin cikinsa, fiye da waɗanda yake fitarwa.