Kofi biyu na rasberi giram nawa ne?

Wata mai sana'ar kek a Kaduna ta aiko da tambaya. An ba ta aikin kek ɗin biki, amarya ta dage sai an sa rasberi, wani ƙaramin ɗan itace ja mai taushi. Tsarin haɗin da ta samo na Amurka ne, ya ce kofi 2, kanti kuwa da giram yake sayarwa. Nawa za ta saya, kuma yaya za ta yanke farashi ba tare da ta ci uwar kuɗinta ba?

Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Kofin da Amurkawa ke nufi yana ɗaukar kusan mililita 240, ya fi gwangwanin madarar da muke awo da shi girma, don haka ki ajiye gwangwanin gefe. Idan aka cika wannan kofi da ɗanyen rasberi ba a danna ba, nauyinsa kusan giram 125 ne. Kofi 2 ke nan giram 250. Idan 'yar robar da kika gani mai giram 170 ce, kofi ɗaya da sulusi ke ciki, sai kin ɗauki biyu.

Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki juya ta, za ki ga rami a cikinta kamar 'yar hula. Iska ce ke cin rabin kofin. Kin san mudun busasshen barkono da mudun gero, kwano ɗaya ne amma hannu ya san bambanci. To haka nan. Da zarar ƙwayoyin sun murƙushe, kofin nan zai ci fiye da yadda kika lissafa.

A nan ne kuɗi ke zurarewa, domin wanda aka fi samu a manyan kantunanmu daskararre ne na cikin leda, daga waje ake shigo da shi. Kofinsa kan kai giram 140 tun bai narke ba. A ce kin sayi leda mai giram 500 a kan naira 20,000. Kin raba huɗu, kin ce kofi naira 5,000. A zahiri kofi uku da rabi za ki samu, kowanne ya tasam ma naira 5,600. In kuma aka ɗauke wuta ya narke a firiza, ya zama miya, ba ya ado sai dai a dafa shi da sukari a shafa tsakanin kek.

Ni dai da ni ce, zan sayi ƙaramin sikelin kicin, in daina awo da kofi. Raba kuɗin leda da giram ɗinta, a misalinmu giram ɗaya naira 40, sai ki ninka da abin da kika zuba. Ki caji kuɗin ledar gaba ɗaya idan ba ki da wani aikin da zai cinye ragowar.

Ki kuma taya wa amarya sitiroberi na Jos, wanda ake nomawa a wajejen Vom lokacin hunturu. Kofin yankakkensa kusan giram 165 ne. In ta ce lallai rasberi, ta fara biyan kuɗin ledar kafin ki taka zuwa kanti.