Ruwa Ya Ci Layinmu, Ina Za Mu Kai Kuka?

Tambaya: Malam, a unguwarmu ta awon igiya da ke Ungogo, duk damina ruwa sai ya shiga ɗakuna. Layin ba kwata, ko Adaidaita Sahu ba ya iya shiga. Ina za mu dosa? Daga wata uwar marayu.

Amsa: Hajiya, Allah Ya kawo sauƙi. Wasiƙarki ta taɓa min zuciya, domin masu awon igiya sukan yanka fili har ƙarshensa, ba su bar hanya ko magudana ba. Ga kuma kududdufan da iyayenmu suka bari suna shanye ruwan sama, an cike da yawansu an yi gini a kai. Ruwa dai ba ya manta hanyarsa. Ko Kantin Kwari ambaliya ba ta ƙyale ba a 2022.

Kada ki tafi ke kaɗai. Ku haɗu da maƙwabta, har da mata da masu haya, waɗanda aka fi mantawa da su, ku rubuta koke ta hannun mai unguwa da kansila zuwa ƙaramar hukuma, ku miƙa kwafi ga KNUPDA, hukumar tsara birnin Kano. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birni a hannun gwamna a matsayin amana, don haka haƙƙinku kuke nema, Hajiya.

Kafin amsa ta zo, ku yi aikin gayya ku buɗe wa ruwan hanya tun watan Mayu, ku kuma hana zuba shara a ciki.